Darasi na 14: Daga Fagen Kareti zuwa Gaban Kyamara

Shimfiɗa

Ɗalibai, da wuya a sami wanda bai taɓa kallon fim ɗin faɗa ba a cikinku. A irin waɗannan finafinai akwai jarumi, akwai kuma mugun da yake karawa da shi, wanda masu kallo suke kira "bos". Yawancin 'yan wasan da muke gani suna naushi da shuri sun koyi abin ne domin fim kawai. Amma akwai kaɗan da suka fara yin suna a fagen gasa, inda ake faɗan gaske a gaban alƙalai, kafin su shiga sana'ar fim. A wannan darasi za mu karanta labarin ɗaya daga cikinsu. Yayin karatu, ku lura da kalmomin da suka shafi wasanni da sana'ar fim, da kuma yadda ake jera aukuwa bayan aukuwa a cikin labari.

Karatu

An haifi Carlos Ray Norris ranar 10 ga Maris, 1940, a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Ryan, a jihar Oklahoma ta ƙasar Amurka. Gidansu ba na masu hali ba ne. Mahaifinsa ya yi fama da shaye-shaye, nauyin gida ya koma kan mahaifiyarsa, kuma yana ɗan shekara 16 auren iyayen ya mutu. Shi da kansa ya sha faɗa cewa a makaranta yaro ne mai tsananin kunya, ba ya cikin gwanayen wasanni, ba ya kuma cikin na gaba a karatu.

A shekarar 1958 ya shiga rundunar sojan sama ta Amurka a matsayin ɗan sandan soja, aka tura shi sansanin Osan da ke Koriya ta Kudu. A can ne abokan aikinsa suka laƙaba masa suna Chuck, sunan da ya bi shi har ya danne na yanka. Da farko judo ya soma koyo, sai ya ji rauni a kafaɗa. Yana cikin jinya ne ya ga wasu 'yan ƙasar suna atisayen wani salon faɗa mai suna Tang Soo Do, wanda ya yi kama da kareti amma ya fi ba da ƙarfi ga amfani da ƙafa. Abin ya shiga ransa, ya duƙufa a kai, bai bar Koriya ba sai da ya sami baƙar ɗamara, wato alamar da ake ba ɗalibin da ya kai matsayin gwani.

Bayan ya bar soja a 1962, ya sami aiki a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop, a jihar Kalifoniya. Da rana yana ofis, da dare yana koyar da kareti. Daga baya ya buɗe makarantarsa a garin Torrance. To, amma wa zai kai ɗansa wurin malamin da ba wanda ya san shi? Neman suna domin makaranta ta sami ɗalibai shi ne ya tura shi shiga gasa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu fahimci irin gasar da ake yi a wancan zamani, domin za ta taimaka mana nan gaba. A damben gargajiya na Hausawa, burin ɗan dambe shi ne ya kai abokin karawarsa ƙasa, abin da ake kira kisa. Gasar kareti ta Amurka a shekarun 1960 ba haka take ba. Maki ake ƙirgawa. Alƙalai suna kewaye da fage, duk wanda ya riga kai naushi ko shuri mai kyau a wurin da doka ta yarda, sai a tsayar da wasa a ba shi maki. Bugun da aka nufi fuska da shi dole ne a tsayar da shi dab da fata, wanda kuma ya wuce gona da iri ana iya hukunta shi. Saboda haka gwani a wannan fage shi ne mai zafin nama, mai sanin tazara, mai iya sarrafa hannunsa da ƙafarsa ko da jini ya hau.

Norris bai fara da sa'a ba. Ya sha kaye a hannun manyan 'yan wasa irin su Joe Lewis da Allen Steen, a farkon 1968 kuma Louis Delgado ya doke shi. Sai dai ranar 24 ga Nuwamba ta wannan shekara ya rama, ya kayar da Delgado, ya karɓi kambun ƙwararrun 'yan kareti masu matsakaicin nauyi. Ya riƙe wannan kambu shekara shida a jere. A 1969 mujallar Black Belt ta zaɓe shi gwarzon shekara. Makarantunsa suka yawaita, har manyan taurarin Hollywood suka zama ɗalibansa, cikinsu har da shahararren ɗan wasa Steve McQueen.

A wajen wata gasa a birnin New York ne, a 1967, ya haɗu da Bruce Lee, wanda a lokacin yake fitowa a wani shirin talabijin mai suna The Green Hornet. Jininsu ya haɗu, suka riƙa atisaye tare a birnin Los Angeles. Lee ne ya yi masa hanya ya sami ɗan ƙaramin matsayi a fim ɗin The Wrecking Crew na 1968, inda shi Lee yake aikin tsara faɗa. Wannan fitowa ba ta ja hankalin kowa ba. Wadda ta sauya rayuwarsa ta zo ne shekara huɗu bayan haka.

Zuwa 1972 Bruce Lee ya riga ya koma Hong Kong, sunansa ya cika ƙasashen Asiya, ya kuma ƙudiri aniyar shirya fim wanda shi zai rubuta, ya ba da umarni, ya kuma zama jarumi. Sunan fim ɗin The Way of the Dragon. Labarin wani saurayi ne, Tang Lung, da ya je birnin Rum na ƙasar Italiya domin ya kare gidan abincin 'yan'uwansa daga 'yan daba. Da 'yan dabar suka ga ya fi ƙarfinsu, sai suka ɗauko hayar wani zakaran kareti daga Amurka mai suna Colt. Lee yana so masu kallo su yarda cewa wannan abokin gaba abin tsoro ne da gaske, shi ya sa ya nemi zakara na gaskiya. Ya kira Norris.

Ku duba abin da ke cikin wannan tayi. Mutumin da yake riƙe da kambu, wanda makarantunsa suke cin abinci da sunan cewa ba a iya kayar da shi, ana gayyatarsa ya zo duniya ta kalli yadda za a lallasa shi, a ƙarshe a kashe shi. Ba kowane zakara ne zai yarda ba. Norris ya yarda.

An nuna karawar tasu a tsohon filin wasa na Kolosiyam, inda mayaƙan Rumawa suke fafatawa a zamanin da, ko da yake mafi yawan faɗan a ɗakin ɗaukar fim na Hong Kong aka yi shi. Babu 'yan kallo a filin, sai wata 'yar kyanwa da take zaune tana dubansu. Su biyun suka fara da motsa jiki, ba wanda ya ce uffan. Da aka soma, Colt ne yake da rinjaye, ya kai Tang Lung ƙasa fiye da sau ɗaya. Daga nan Tang Lung ya sauya salo, ya daina tsayawa wuri ɗaya, ya riƙa 'yan tsalle-tsalle yana gocewa yana kai hari, har ya karya wa Colt hannu da ƙafa. Duk da haka Colt ya ƙi miƙa wuya, ya sake tasowa, nan ne ajalinsa ya riske shi. Tang Lung ya ɗauko rigarsa da baƙar ɗamararsa ya lulluɓe gawar da su, don girmamawa. Masana finafinai da dama suna sa wannan karawa cikin mafi kyawu da aka taɓa ɗauka. Kusan babu wata magana da Norris ya yi a fim ɗin gaba ɗaya, amma fuskarsa ta zauna a zukatan miliyoyin mutane. Kayen da ya sha na wasa ya kai sunansa inda nasarorinsa na gaske ba su taɓa kai shi ba.

Hausawa suna cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Faɗan gasa da faɗan fim sun yi kama a ido, amma dokokinsu sun sha bamban ƙwarai. A gasa, ɗan wasa yana ɓoye niyyarsa. In ya ja kafaɗa baya kafin ya kai naushi, ya tona wa kansa asiri, abokin karawa zai riga shi. A fim kuwa dole ne mai kallo ya ga bugu tun daga tasowarsa har saukarsa, don haka ake buɗe hannu, a faɗaɗa motsi, wani lokaci ma a rage sauri domin kyamara ta kama. Abin da malamin kareti zai tsawata wa ɗalibi a kai, shi darakta yake nema.

Haka kuma naushin fim ba ya sauka. Hannu yana wucewa ne ta gaban fuska da 'yar tazara, a ajiye kyamara a kusurwar da ido ba zai ga tazarar ba. Wanda aka "buga" shi ne yake da rabin aikin: ya karkatar da kai a daidai lokacin, ya yamutsa fuska, ya faɗi. In ya makara ko ya yi gaggawa, asiri ya tonu. Ƙarar bugun da muke ji kuwa daga baya ake sa ta, lokacin da ake tace fim. Kowane taku mai tsara faɗa ya riga ya tsara shi, ana kuma iya maimaita ɗauka ɗaya sau da yawa har sai ta yi. Wanda kake faɗa da shi abokin aiki ne, lafiyarsa amana ce a hannunka, domin in ka fasa masa hanci aikin ranar ya tsaya. A wannan ɓangare tsohuwar sana'ar Norris ta yi masa rana, tun da ya shekara da shekaru yana koyon tsayar da bugu dab da fata.

Inda gizo yake saƙa shi ne magana. Bruce Lee ya rasu ranar 20 ga Yuli, 1973, yana ɗan shekara 32, ƙofar da ya buɗe wa abokinsa ta zama kamar ta rufe. A 1974 Norris ya yi ritaya daga gasa, harkar makarantunsa kuma ta shiga matsalar kuɗi. Steve McQueen ne ya ba shi shawara ya gwada sana'ar fim da gaske, ya je ya koyi wasan kwaikwayo. Sai ga zakaran da ɗaruruwan ɗalibai suke rusuna masa, yana da shekara 34, ya koma ɗan koyo cikin matasa, yana fama da haddar layuka da yadda ake nuna fushi ko baƙin ciki a fuska. Yaron nan mai kunya na makaranta bai je ko'ina ba.

Fim na farko da ya zama jarumi a ciki shi ne Breaker! Breaker! na 1977. Na biyu, Good Guys Wear Black na 1978, manyan kamfanonin rarraba finafinai suka ƙi karɓarsa. Masu fim ɗin suka riƙa kama hayar gidajen sinima da kansu, Norris kuma ya bi gari-gari yana hira da 'yan jarida da gidajen rediyo yana tallata shi. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala miliyan 1 ya kawo kimanin dala miliyan 18. Masu kallo sun so shi, musamman wurin da jarumi ya yi tsalle ya fasa gilashin gaban mota da ƙafa tana tafe. Masu sharhi kuwa ba su raga masa ba, suka ce fuskarsa ba ta motsi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Norris ya ba da labarin cewa McQueen ya kalli fim ɗin ya ce masa maganarsa ta yi yawa: ya bar sauran 'yan wasa su warware wa masu kallo labari, shi kuma ya buɗe baki kawai in akwai abu muhimmi. Ya riƙe wannan shawara. Jarumi mai ƙarancin magana, mai kallon ƙurilla, wanda ba ya fara tsokana amma ba ya ja da baya, shi ya zama tambarinsa. A gaskiya bai taɓa zama ɗan wasan da zai iya hawa kowane irin matsayi ba. Ya dai gano iyakarsa, ya gina sana'a a cikinta.

Don mu gane cewa kambu kaɗai ba ya wadatarwa, mu dubi Joe Lewis, wanda ya taɓa kayar da Norris, wanda kuma ake lissafa shi cikin manyan gwanayen zamaninsa. Shi ma ya zama jarumi a fim ɗin Jaguar Lives! na 1979, amma fim ɗin bai karɓu ba, tauraronsa a sinima bai haska ba.

Shekarun 1980 su ne ganiyar Norris. Ya yi Lone Wolf McQuade a 1983, sannan ya haɗu da kamfanin Cannon, inda ya yi Missing in Action a 1984 da The Delta Force a 1986. Missing in Action labarin wani kanar ne da ya koma Biyetnam ceto sojojin Amurka da aka tsare. Batun ya shafe shi kai tsaye, domin ƙanensa Wieland ya mutu a yaƙin Biyetnam a 1970. Sai dai mai kallo mai hankali zai lura cewa irin waɗannan finafinai ɓangare ɗaya suke nunawa. Mutanen Biyetnam a wancan fim, da Larabawa a The Delta Force, yawancinsu an mayar da su miyagu marasa tarihi, waɗanda amfaninsu kawai jarumi ya harbe su, kuma an soki finafinan a kan haka. Wani abin lura shi ne bindiga ta fara danne kareti. Fim ɗin da masu sharhi suka fi yaba masa, Code of Silence na 1985, naushi da shuri kaɗan ne a cikinsa. Ya fito a matsayin ɗan sandan birnin Chicago da ya ƙi rufa wa abokin aikinsa asiri bayan ya harbe wani matashi da bai yi laifi ba, sauran 'yan sanda suka juya masa baya.

Da kasuwar irin waɗannan finafinai ta fara ja baya, ya koma talabijin. Daga 1993 zuwa 2001 ya fito a shiri mai dogon zango, Walker, Texas Ranger, wanda tashar CBS ta nuna, mai kashi kimanin 200. Yana da shekara 53 aka fara shirin, yana da 61 aka kammala, kuma har ƙarshe masu kallo suna jiran shurin nan nasa na juyi, wanda ya koyo tun yana ƙaramin soja a Osan.

Ma'anar kalmomi

fage: wurin da ake wasa ko karawa.
kambu: matsayin da ake ba wanda ya fi kowa a gasa.
zakara: a nan, wanda ya zo na ɗaya.
atisaye: motsa jiki ko gwaji don ƙwarewa.
shuri: bugu da ƙafa.
tazara: nisan da ke tsakanin abu biyu.
lallasa: yi wa mutum mugun duka ko mugun kaye.
laƙaba: sa wa mutum suna wanda ba nasa na asali ba.
ganiya: lokacin da mutum yake kan ƙarfinsa.
zafin nama: saurin motsi da kuzari.

Tambayoyi

1. A ina Norris ya sami sunan Chuck, kuma me ya kai shi can?
2. Me ya sa ya fara shiga gasar kareti?
3. Bayyana bambancin da ke tsakanin damben gargajiya da gasar kareti ta shekarun 1960.
4. Wane haɗari ne yake cikin tayin da Bruce Lee ya yi masa a 1972?
5. Kawo hanyoyi uku da ake bi don naushin fim ya zama kamar na gaske.
6. Wace shawara Steve McQueen ya ba shi bayan ya kalli Good Guys Wear Black? A ganinka, shawarar yabo ce ko gyara?
7. Me ya sa aka ambaci Joe Lewis sau biyu a cikin karatun?

Salon magana

Nemo waɗannan a cikin karatun, ka faɗi ma'anarsu, sannan ka sa kowanne a jimlarka: jininsu ya haɗu, wuce gona da iri, miƙa wuya, ta yi masa rana, inda gizo yake saƙa, rufa asiri.

Nahawu

Dubi waɗannan jimloli: "Masu kallo sun so shi." "Da 'yan dabar suka ga ya fi ƙarfinsu, sai suka ɗauko hayar wani zakara." A ta farko an yi amfani da "sun", wato shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya. A ta biyu an yi amfani da "suka", wato shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wanda yake zuwa bayan kalmomi irin su "da", "sai", "waɗanda", da kuma wajen jera aukuwa a labari. Cike guraben nan da "sun" ko "suka":

a. Alƙalai ______ ba shi maki biyu.
b. Ɗaliban da ______ zo jiya 'yan kareti ne.
c. Da aka tashi wasa, sai 'yan kallo ______ watse.
d. Su wa ______ ƙi karɓar fim ɗin?
e. Masu sharhi ______ soki wasansa.

Aikin gida

Zaɓi wani ɗan wasan dambe, kokawa ko ƙwallon ƙafa da ka sani. Ka ɗauka wani furodusa ya gayyace shi ya fito a fim, amma a matsayin wanda za a kayar. Rubuta hirar da za ta gudana tsakaninsu, kada ta gaza layi 15.